Dalilin da Ya Sa Gawo Yake Barci da Damina

Dalilin da ya sa gawo yake tsayawa ba ganye ko ɗaya a tsakiyar damina, alhali kowace bishiya ta yi kore shar, ba ciwo ba ne, ba kuma lalaci ba ne kamar yadda na ji wasunku suna faɗa jiya a hanyar gona. Ku gyara zama in gaya muku, don na gaji da jin ana zagin bawan Allah a kan abin da ba a sani ba.

A zamanin da, itatuwa duk tare suke barci. Da an gama girbi an kai hatsi rumbu, sai kowace bishiya ta kakkaɓe ganyenta ta lumshe ido, ba za ta sake motsi ba sai tsawar farko ta tashe ta. Wata shida, wani lokaci bakwai, daji tsit, babu kore ko na magani. Gawo kuwa shi ne sarkin barcinsu. Shi ne na farkon kwanciya, shi ne na ƙarshen tashi, har sauran suna yi masa tsiya wai ko gobara ta cinye dajin, shi sai dai a ba shi labari.

To, a wani ɗan ƙauye mai gida bakwai akwai wata tsohuwa, Iya Gwamma. A kakar wata shekara 'yarta ta rasu a wajen haihuwa, ta bar mata jaririya, aka sa mata suna Talle. Mai shayarwa ɗaya ce a duk ƙauyen, ita ma tagwaye ne a hannunta, da kyar take ƙosar da su. Saboda haka ran Talle ya rataya a kan nonon wata jar akuya da Iya Gwamma take kiwo. Ga shi a shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, harawa ba ta yi auki ba. Tsohuwa ta dubi abin da ta tara a kan rumfa, ta san ba zai kai wata biyu ba. In akuya ta rasa ci nono zai ƙafe, in nono ya ƙafe kun san sauran.

Sai ta goya Talle ta shiga daji, ta tarar itatuwa suna ta shirin kwanciya. Ta roƙi Kuka ta riƙe ganyenta bana kawai. Kuka ta ce ta riga ta zubar da rabi, kuma mai jiki irin nata in ba ta yi barci ba ciwon baya ne zai kama ta. Ta je wurin Marke, ya yi kamar bai ji sallama ba. Kalgo ya yi mata ta'aziyya mai kyau, ya yi hamma, ya juya. Ba ta ma yi niyyar tsayawa wurin Gawo ba, don ta san halinsa. Ƙafa ce ta gaji, ta zauna a gindinsa tana kuka.

Gawo, wanda ya fara gyangyaɗi amma bai kai ga zubar da ganye ba, ya buɗe ido ɗaya ya tambayi abin da ya faru, ta gaya masa. Ya yi wata doguwar hamma har ta ɗauka barci zai kwashe shi. Can ya ce, “Iya, ni ba ƙi zan yi ba. Amma in na runtsa sau ɗaya, ganyen nan duk ƙasa zai yi, kuma babu mai tashe ni sai tsawa. In kina son ganye, sai ki samo abin da zai hana ni barci.”

Ta ce in dai hira ce, tana da ita buhu-buhu.

Ta ɗauko tabarma da mazari da auduga ta tare a gindin Gawo. Da rana ta sa ƙugiya ta kaɗo wa akuya ganye, da dare ta yi ta kaɗi tana ba shi labari. Kwana uku ta yi a haka. A dare na huɗu tana tsakiyar labarin aurenta na fari sai kai ya faɗi, mazari ya gangara. Gawo ya sako mata ɗansa guda a tsakar ka, ta farka a firgice.

Ya ce, “Iya, ke ce za ki tsare ni, ga shi ni nake tsaronki.”

Nan ta gane baki ɗaya ba zai iya wannan aiki ba. Da safe ta bi gida-gida tana kiran gayya. Mutanen ƙauyen sun san gayyar noma, sun san ta jinkar ɗaki, amma tun da suke ba su taɓa jin gayyar hira ba. Maza suka yi dariya har da riƙe ciki. Matan ne suka dubi Talle, suka dubi juna, suka ce gida bakwai ne, kwanakin mako ma bakwai, kowane gida ya ɗauki yini da kwana guda.

Haka aka fara. Mata suka kwaso turame suka mayar da daka gindin Gawo. Da maza suka ga tuwo ma can ake tuƙawa, ba wanda ya kira su, da kansu suka biyo. Maƙerin ƙauyen ya kawo uwar maƙerarsa ya kafa, ƙarar gudumarsa ta hana Gawo runtsawa da rana. Wani tsohon maharbi mai suna Ɗanbaba ya riƙa zuwa da labaran giwayen da ya kashe, Gawo yana ƙaryata shi, don ya ce shekara ɗari yana tsaye a dajin bai taɓa ganin ya kamo ko zomo ba. Gardamar nan kaɗai takan cinye dare guda. Amma babu maganin da ya kai gulma. Da an rage murya an ce, “Kun ji abin da ya faru a gidan su wance?” sai ka ga rassa duk sun sunkuyo.

Kada ku ɗauka abin da sauƙi. Ku da ko hirar bayan isha ba ku iya kaiwa ƙarshe sai an kwashe ku kamar buhunan gero, ku auna wata biyar ba runtsawa. Jikin Gawo ya yi fari fat. Ransa ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba. Yakan gaida mutum ɗaya sau uku, wata rana ma ya dubi jar akuyar nan ya yi ta ihu wai kura ta shigo gari. Duk da haka ganye bai yanke ba, akuya tana ci, Talle tana sha, kumatunta har sun fara cikowa.

Sai bazara ta shigo da zafinta. Rijiya ta yi nisa, mutane suka galabaita, labarai suka ƙare, gulmar ma aka maimaita ta har ta salance. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse. Ranar da kwana ya zagayo kan Iya Gwamma, muryarta ta dushe gaba ɗaya, ko sallama ba ta iya yi. Tana zaune sai ta ji abu yana sauka a kanta kamar yayyafi. Ta shafa, ta ji ganye ne.

Gawo ya ce a hankali, “Iya, ki yafe ni. Na kai iyakata.”

Ba ta ga laifinsa ba ko kaɗan, tausayinsa ma ta ji. Tunda ba ta da bakin yi masa godiya, sai ta kwance goyo ta kwantar da Talle a tsakanin saiwoyinsa, don ya ga wadda ya yi wa wahala kafin ya rufe ido. Ashe yarinya haƙori take fitarwa, ɗumin bayan kakarta ne kawai ya sa ta yi shiru. Tana jin ta a ƙasa ta callara ƙara. Gawo ya zabura tun daga saiwa har ƙololuwa, ganyen da ya fara saki ya maƙale.

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai fitar da haƙori ya san abin da Gawo ya gani. Kwana tara Talle tana tsala kuka, kwana tara idonsa biyu, yana ta mita wai a duk gayyar nan ba a kawo masa wanda ya iya aiki kamar wannan 'yar mitsitsiya ba. A kwana na goma tsawa ta faɗi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Sauran itatuwa suka farka suna miƙa, suka ga Gawo tsaye da ganyensa. Shi kuwa bai kwanta nan take ba. Ya daure har ciyawa ta tsiro ta kai a ci. Ran nan da yamma ya tambayi Iya Gwamma ko akuyar ta ƙoshi. Ta ce ta ƙoshi har ta bar saura.

Ya ce, “To, Iya, sai da safe.”

Kafin ta amsa, ganye ya zube gaba ɗaya. Mutane suka taru suna salati, sun ɗauka wahala ta kashe shi. Iya Gwamma ta kara kunnenta a jikinsa ta daɗe, sannan ta ɗago tana dariya da hawaye, ta ce kowa ya tafi gida a hankali, munshari yake yi. Aka shuka gero a ƙarƙashinsa, ga takin ganye ga rana ba inuwa, ya fi na ko'ina kyau a shekarar.

Bai farka ba sai da kaka, daidai lokacin da 'yan'uwansa suke hamma. Abin da ya fara gani shi ne Talle tana tafiya dagwai-dagwai, ta riƙe wutsiyar akuya. Ya gwada komawa barci tare da sauran, ido ya ƙi rufuwa, don ya riga ya ƙoshi. Sai ya ce ba komai, dama kowace shekara ba a rasa akuya mai jin yunwa da yaro mai jiran nono, shi zai riƙa tsaron rani.

Shi ya sa har wa yau gawo yake fid da ganye sa'ad da daji ya bushe, awaki da shanu suna taruwa a gindinsa, in damina ta sauka kuma ya tuɓe ya kwanta. Saboda haka gobe in mun bi ta gabansa a hanyar gona, kada in ga wanda ya jefe shi, kuma ku rage murya. Wata bakwai ya yi idonsa biyu, ku bar shi ya huta.