Kura da Ramin Fistin

Ga ta nan, ga ta nanku, yau a kan babur ta zo.

Ta taka birki mu ji ta.

Namun daji suka shirya tseren babur, wanda ya ci a ba shi rago. Kura kuwa 'ya'yanta na kukan yunwa, sai ta tura tsohon babur ɗinta wurin Bushiya bakanike.

Bushiya ta ce, "Yaya Kura, ƙarfin inji a cikinsa yake. In ramin fistin ya yi faɗi, zai haɗiyi mai da iska da yawa, ya ja da ƙarfi."

Kura ta ce, "Zancen ciki ba a koya mini. Faɗaɗa shi."

Aka faɗaɗa, aka sa babban fistin. Kura ta ce a ƙara.

Bushiya ta ce, "Bangon ramin ya zama kamar ɓawon ƙwai, Yaya."

"Ƙara dai, yarana ba sa cin haƙuri."

Ranar tsere Kura ta bar kowa a baya. Tana hango ragon, inji ya yi zafi ya tsage, Zomo ya wuce ta ya ci tseren.

Tana zaune a bakin hanya, Zomo ya jawo ragon ya miƙa mata igiyar, tunda shi ciyawa yake ci.

Kura ta share ido ta ce, "Ƙanena, na zaci cikin ƙarfe irin nawa ne, yana miƙewa."

Ƙurunƙus kan kusu, in ƙarya nake mai ya ƙare mini a hanya.