Gayyar Kurege da Tukunyar Zaƙami

Ga ta nan, ga ta nanku, masu jajayen idanu!

Ta zo mu ji ta, Gwaggo, mu dai idonmu ƙalau.

Ƙalau? Kai Lurwanu, har da bakinka? To gyara zama, wannan taka ce.

Wai an yi wani Kurege, marowaci na ƙin ƙarawa, wanda in ya ci gyaɗa har ɓawon yake ɓoyewa. Wata shekara damina ta yi kyau. Geronsa ya fito kore shar, ciyawa ma ta fito kore shar, har ta nemi ta fi geron tsawo. Gonar nan kuwa ita ce abincinsa na shekara, ba shi da wata. In ba a nome ta ba, ciyawa ta cinye.

Sai ya kira gayya. Kun san ƙa'idar gayya: samari su zo da fartanya da ƙarfinsu, mai gona ya cika musu ciki. Kurege ya dama fura, ya tuƙa tuwo, ya yanka zakara. Da ya buɗe tukunya ƙamshi ya bugi hancinsa, sai ya ce a ransa, "Duk wannan a cikin 'ya'yan wasu? Wallahi da sake!"

Ya zagaya bayan juji, ya tsinko 'ya'yan zaƙami, ya daka, ya dafa da tsamiya, ya zuba mazarƙwaila don ɗacin ya ɓuya. Fura da tuwo da nama kuwa ya tura su ƙarƙashin sabara.

Hantsi ya yi, ga samari sun iso: Ɗan Biri sarkin samari, da Ɗan Kura, da Ɗan Gada, da sauran tarkacensu.

Ɗan Biri ya ce, "Kawu, ina furar?"

Kurege ya ce, "Fura? Haba samari! Fura ai ta masu jego ce. Ga abin maza nan. Ludayi ɗaya, ba yunwa, ba gajiya, ba zafin rana."

Ɗan Biri ya kurɓa, ya lashe baki. Ɗan Kura ya kafa kai a tukunya sai da aka janye shi. Ɗan Gada ya shinshina, ya ja baya, ya ce, "Ni dai Inna ta ce kada in sha abin da ban san sunansa ba."

Samari suka bushe da dariya. "Ɗan Inna! Ɗan Inna! A kawo masa zanin goyo!"

Kunya ta kama shi, ya karɓi ludayi, ya shanye har biyu don a san shi ma namiji ne. Ka ji wawa. Dariyar da ba ta fasa ƙurji ita ya tsorata.

Aka shiga gona. Kai, ranar an ga noma! Fartanya na tashi, ƙasa na tashi, ba mai ɗaga kai. Kurege ya koma gindin sabara, ya miƙe ƙafa, ya ci tuwo, ya ci nama, ya kora da fura, yana cewa, "Ni Kurege, ni ɗan dabara."

Can sai Ɗan Biri ya tsaya cak, ido ya kaɗa, baki ya bushe. Ya nuna gero ya ce, "Jama'a, macizai! Ga su nan a jere, sun fasa kai!"

Samari suka ce, "Macizai! A sare!"

Suka bi kunya kunya suna sarar gero. Ciyawa kuwa, Ɗan Gada ya durƙusa gabanta yana shafa ta, yana tara mata ƙasa a gindi, yana cewa, "Sannu amarya, rana ta dame ki ko?" Ɗan Kura ya sari ƙafarsa ta baya da fartanya, jini na zuba, shi kuwa sai ƙyaƙyata dariya yake, bai ma san tasa ba ce.

Kurege ya taso da gudu, loma a baki. "Kai! Kai! Gerona! Ku bar mini gerona, 'ya'yan banza!"

Ɗan Biri ya dube shi, ya dubi jelar nan bazar-bazar, ya ce, "Ga wata ciyawa can tana gudu!"

Samari suka ce, "Ciyawa! A nome!"

Kurege ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ya yi gabas, fartanya. Ya yi yamma, fartanya. Da ƙyar ya faɗa rami, bayan sun nome masa rabin jela.

Da la'asar iyaye suka zo neman 'ya'yansu. Suka tarar da wani yana cacar baki da kututture, wani ya tuɓe tsirara yana iyo a kan turɓaya. Uwar Ɗan Kura ta ga ƙafar ɗanta, ta ga tukunya, ta zura hannu a rami ta fizgo Kurege.

"Malam Kurege, me ka ba yaranmu?"

"Kunun tsamiya ne, Hajiya, wallahi kunun tsamiya."

"To ga saura nan. Shanye mu gani."

Kurege ya dubi tukunya, ya dubi haƙoran Kura. In ya sha ya haukace, in ya ƙi a cinye shi. Sai ya miƙe tsaye a kan ƙafa biyu, ya zare ido, ya karkaɗa guntuwar jela, ya rungume wata ƙarangiya yana kuka: "Inna! Ashe kina nan?" Ya zabura da gudu, ya tsaya cak, ya sake zabura.

Iyaye suka ce, "Af, ashe shi ma ya sha. Ku ƙyale shi, wa zai yi shari'a da mahaukaci?"

Kura ta ce, "Na ƙyale. Amma duk ranar da na gan shi da hankalinsa, ranar zan karya kumallo da shi."

Ya tsira, ko ba haka ba? To ku ji irin tsirar. Kaka ta yi, kowa na ɗaure dami, Kurege bai samu ko zangarniya ɗaya ba. Gonarsa dai ta ba da ƙarangiya mai kyau, irin wadda ba a taɓa gani ba a ƙasar. Ya je roƙo, aka ce mahaukaci ne, aka watsa masa ƙaiƙayi. Bai isa ya ce lafiyarsa lau ba, don Kura na nan tana jira. Har yau in kun gamu da shi a hanya, zai miƙe tsaye, ya zare ido, ya zabura. Yunwa ce fal cikinsa, yana ta aikin hauka ba ranar sallama.

Ɗan Kura kuwa har gobe yana ɗingishi yana dariya, ba wanda ya san abin da ke ba shi dariya, har shi kansa. Ɗan Gada da aka ce wa ɗan Inna, Innar ce dai ta goya shi zuwa gida, yana kiranta amarya.

Ƙurunƙus kan kurege mai rabin jela! Ba don ƙarangiya ta shaida ba, da kun ce ƙarya na shirga. Darasi kuwa shi ne: duk wanda zai sha abin maza, ya fara tanadar zanin goyo.

Kai kuma Lurwanu, kwalaben nan na maganin tari da ke bayan banɗaki, tun bara ban ji ka yi tari ba.