Lafiya Lau ɗin Inna Hajo

A'a Aishatu, ba gida Najeriya nake nufi ba, nan Ingila. Kin tambaya a ƙasan rubutun jiya wai nan ma iska tana yaye rufin gida? Tana yi mana, 'yar'uwa. Ba kullum ba, amma ranar da ta tashi yi, bishiyar da ta girmi kakanki ma sai ta kwantar da ita a titi. Bari ma in ba ku labarin wasu mutane. Ni dai ban iya tsara magana ba, ku yi haƙuri da ni.

Akwai wata mata sunanta Kubura, tana zaune a Withington cikin Manchester, ita da mijinta Dokta Abdulsalami da 'yarsu Raki. Lokacin tana da tsohon ciki. Shekarun nan ne da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ko'ina an rage ma'aikata, in ka kira a zo a gyara maka abu sai ka sha kiɗan waya har kunnenka ya yi zafi.

Wata rana guguwa ta taso daga teku, ta wuni tana abu ɗaya, ga ruwa. Washegari bola duk a kife, shinge a ƙasa, tram, jirgin cikin gari, ba ya tafiya. Su Kubura dai Allah ya tsare, katakon bayan gida kawai ya faɗi.

Dokta shi ke riƙe da guruf ɗin 'yan arewa na WhatsApp, na Manchester da Birmingham. Yana shan shayi a tsaye ya rubuta: "Salam. Duk wanda yake lafiya ya turo alamar babban yatsa." Kafin ya gama ɗaura takalmi yatsu sun cika waya.

Ya ce, "Alhamdulillahi, I've checked on everybody. Kowa lafiya."

Kubura ta karɓi wayar tana dubawa. Can ta tsaya a kan suna ɗaya. Inna Hajo.

Inna Hajo dattijuwa ce, tana Balsall Heath a Birmingham, ita kaɗai cikin wani tsohon gidan haya. Mijinta malamin jami'a ne, ya rasu, 'ya'yanta kuma ɗaya na Kanada ɗaya na Abuja. Ita ta sauki su Kubura farkon zuwansu ƙasar nan, ta nuna musu inda ake sayen nama da inda ake samun kuka da daddawa. Kuma kowa ya san Inna ba ta rubutu a waya. Murya take turowa, doguwa, ta gaida kowa da sunansa, har motar Dokta sai ta tambayi lafiyarta.

To yau sai ga yatsa guda, ba ko sallama.

Kubura ta kira ta.

"Inna ina kwana?"

"Lafiya lau, 'yar nan."

"Yaya kuka ji da iskar jiya?"

"Iska alhamdulillahi."

"Ba ta taɓa muku komai ba dai?"

"Da sauƙi. Yaya nauyin jiki? Yaya Likita da Raki?"

"Duk lafiya. Inna, ko mu zo weekend ɗin nan?"

"A'a, a'a, ku yi zamanku, hanya ba kyau. Ki gaida Likita."

Inna ta kashe waya.

Kubura ta bi wayar da kallo. Tun da ta san Inna Hajo, ba ta taɓa jin ta ce wa baƙo ya yi zamansa ba. Kullum ƙarshen hirarta shi ne, "Yaushe za ku zo? Na jiƙa shinkafar masa." Sannan akwai wata 'yar ƙara da ta riƙa ji a bayan muryar Inna. Tal, tal, tul. Ba agogo ba ne, don sautin ba iri ɗaya ba.

Ta ce wa mijinta, "Abban Raki, anya Inna lafiya?"

"Ba yanzu kuka yi magana ba? Me ta ce?"

"Ta ce lafiya lau."

"To me kuma kike nema? Da bakinta fa ta faɗa."

"Bara da aka kwantar da kai asibiti, Hajiyarka ta kira daga Kano, me ka ce mata?"

Ya ce, "Wannan daban."

"Ba daban ba ne. Ni dai ina so in san mene ne yake tal, tal a gidan nan."

Ya ce jiragen ƙasa duk an yi cancelling ɗinsu, shi yana da clinic, ita kuma ga ciki. Ta ce akwai coach, babbar motar safa. Abin ya tsaya mata a rai, tana wanke-wanke tana tunani, ko famfo ne ya lalace? To famfo zai hana Inna karɓar baƙi? Da ya ga ba za ta haƙura ba, washegari ya kai ta tasha da kansa, yana tsokanarta. "In kin tarar tana toya masa, ki taho min da tawa. Kar ki cinye a hanya ki ce baby ne."

Da ta isa layin su Inna, fale-falen rufi ne warwatse a ƙasa. Maƙwabcinta Alfred, wani tsoho ɗan asalin Jamaika, yana shara a ƙofar gidansa. Ya gane Kubura. Ya nuna mata sama da tsintsiya. Bututun hayaƙin gidan Inna ya karye ya faɗa kan rufi, ga rami nan ana hango shi daga titi.

Ya ce shi fa ya ƙwanƙwasa mata tun safiyar farko. "I said, you alright, love? She said, fine, thank you." Shi ke nan ya koma gida, don a wurinsu in mutum ya ce maka fine, to ka ƙyale shi, kar ka shiga rayuwarsa.

Inna ta buɗe ƙofa da ƙatuwar rigar sanyi a kan zani, kai a ɗaure da mayafi biyu.

"Ke! Da wannan cikin? Wa ya aiko ki?"

"Ƙafata ce ta aiko ni, Inna."

Gidan sanyi ƙarara, kamar cikin firij. Ba wuta, ba heating mai ɗumama gida. Amma sai da aka yi gaisuwa cikakkiya, Inna tana tari tana cewa lafiya lau. Ta ja ta kicin wai ko biskit ta ci. Nan Kubura ta lura kantar tukwane fayau. Manyan tukwanen nan da ake dafa abincin salla na jama'a guda, ko ɗaya babu.

"Inna, ina tukwanenki?"

Inna ta kau da kai. "Suna sama. Suna aiki."

Kubura ta kama ƙarfen bene ta hau a hankali. Tana tura ƙofar ɗakin kwana ta ga abin da take ji a waya. Tukwane ne jere a ƙasa, da kwanuka, da robar wanki, har tandar masa, kowanne yana tarar ruwan da ke ɗigowa. Babbar tukunya ta ce tul, ƙaramin kwano ya ce tal. Ta ɗaga kai. Silin ya kumbura ya yi tulu, ya koma ruwan ƙasa, kuma daidai saman gado yake. Inna ba ta daina kwana a gadon ba. Filo kawai ta mayar wajen ƙafa.

"Innalillahi. Inna, kin kira ofishin masu gidan?"

"Na kira mana. Wata yarinya ce ta ɗauka, mai hankali. Ta ce min, is it an emergency? Na ce a'a, not too bad, ruwa ne kaɗan. Ta ba ni rana cikin wata mai zuwa."

"Not too bad, Inna?"

"To me zan ce? Na ji an ce wasu bishiya ce ta faɗa musu. Ni da raina da lafiyata in buɗe baki in ce emergency? Ai rashin godiya ne."

Kubura ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta ce, "Inna, mutanen nan abin da kika faɗa shi suke ɗauka. Ba sa sake tambaya. A gida ne in kin ce da sauƙi, maƙwabciya za ta yafa mayafi ta zo ta gani da idonta."

Ta ce Inna ta haɗa kaya su tafi Manchester. Inna ta ce ina, a gidan nan Malam ya bar ta, kuma ba za ta je ta ɗora wa mai ciki nauyi ba. Ta ce yanzu ma gwiwarta ke ciwo, so take ta ɗan kishingiɗa kamar yadda ta saba bayan azahar, Kubura ta sauka falo ta huta.

Kubura ta yi lallashi, ta yi magiya, Inna ko gezau. Sai ta cire takalmi, ta tsallake tukwane, ta hau gadon ta miƙe ƙafa.

"To matsa min, Inna. Ni ma na gaji, a nan zan kwanta."

Inna ta daka mata tsawa, irin wadda Kubura ba ta taɓa ji daga bakinta ba. "Tashi! Tashi na ce! Kina hauka ne? Da ciki za ki kwanta ƙarƙashin wannan abin? In ya rufto fa?"

Kubura ta dube ta. "Au, ashe kin san zai rufto."

Inna ta ɗaga kai ta dubi silin. Idonta ya kawo ruwa. Ta kama hannun Kubura ta ja ta, suka sauko tare.

A falo Kubura ta kira ofishin. Aka daɗe ana sa musu kiɗa. Da aka ɗauka, aka ce sai mai sunan haya ta yi magana da kanta. Kubura ta miƙa mata wayar. Inna ta fara, "Good afternoon, how is work, how is the family..." Kubura ta zungure ta. Inna ta haɗiye yawu kamar mai shan maɗaci.

"It is... it is emergency."

Ba ta rufe baki ba suka ji rugum daga sama, gidan ya girgiza, tukwane suka yi ta ƙara. Har matar da ke kan waya sai da ta tambaya mene ne wannan. Alfred ya shigo da gudu da tsintsiyarsa a hannu. Shi ya hau ya leƙa. Silin ya rufto gaba ɗaya, da ruwa da katako da bulo, gadon ma ba a ganinsa.

Kubura ta ba Alfred wayarta ya ɗauko hoton gadon, ta tura wa mijinta. Ba ta rubuta komai ba, sai alamar babban yatsa da ta sa a ƙasa.

Kafin magariba Dokta ya iso da mota. Ya durƙusa gaban Inna ya ce, "Inna, ki yafe mana."

"Ai ka tambaya, Likita."

"Ban tambaya ba, Inna. Yatsa na nema."

Ta ce, "Ni ma shi ya fi min sauƙi. Ba sai na faɗi abin da ba shi ba da bakina."

Washegari Dokta ya bi mutanen guruf ɗaya bayan ɗaya da kira, kuma kowa sai ya ce masa, "Kunna kyamara ka zagaya da ni gidan." A haka ya gano Falalu, wani ɗalibi a Salford, tagar flat ɗinsa ta fashe ya toshe da baƙar leda, yana karatu cikin bargo. Shi ma yatsa ya turo. Aka samu wani injiniya cikin jama'a ya je ya rufe masa da katako, aka kira mai gidan.

Gyaran gidan Inna kuwa ya ja lokaci, don gidajen da suka lalace da yawa, ma'aikata kaɗan. Tana nan Withington har Kubura ta haihu. Mahaifiyar Kubura da aka sa ran za ta zo daga Kano, biza ba ta fito ba. Inna Hajo ce ta tsaya, ita ce ruwan zafi, ita ce kunun kanwa, ita ce wankan jaririya. Aka sa wa yarinyar Hajara, sunan Inna.

Ranar suna an ɗauko manyan tukwanen nan daga Birmingham, an wanke, sun koma aikinsu na asali. Inna tun safe tana tsaye kan masa. Wata baƙuwa ta ce, "Sannu Inna, yaya gajiya?"

Inna ta buɗe baki, "Lafiya l..." sai suka haɗa ido da Kubura. Ta ajiye cokali.

"Gwiwata ke ciwo. A kawo min kujera."

Dokta da kansa ya kawo.

Darasi: In wani abu ya faru, kar ka tsaya a "lafiya lau" ɗin ɗan'uwanka. Mutanenmu da kunya da kawaici aka rene su, musamman tsofaffi da masu zaman kaɗaici. Sake tambaya, saurari muryarsa da kyau, in da hali taka ka je ka gani. Kai kuma da abu ya same ka, faɗin gaskiya ga masu ƙaunarka ba rashin godiya ga Allah ba ne. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yake jiran a tambaye shi karo na biyu.

Aishatu, ina fata na amsa miki. Bari in tashi, maƙwabciyata ta kawo min yaranta za ta je wurin GP, wato likita, ga su can sun fara taɓa min labule.