Mai Aski da Sirrin Direba

An yi wani mutum mai aski, ya 'yan'uwa, kuma hannunsa na da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne: kujera ɗaya mai juyawa, babban madubi da ya tsage a gefe, sai bencin masu jiran layi. Ranar Lahadi yana sahun gaba a majami'a. Ranar Laraba da yamma kuma shi ke karanto buƙatun addu'a.

Kun san halin kujerar aski. Da an ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, an kwantar masa da kai, sai bakinsa ya buɗe. Ni dai kaina ya daɗe da sallamar masu aski, amma ban manta ba. Ta haka mutumin nan ya san cikin kowane gida a unguwar, ya kuwa ɗauka sanin labarin mutane shi ne hikima. Duk wanda ya zo da damuwa, kafin ya rufe baki an yanka masa shawara. Bai taɓa cewa a tsaya a tambayi Ubangiji ba. Me zai tambaya, shi da ya riga ya sani?

Ga kuma mugun halinsa. Ba ya gulma a shago, a'a, ya fi ƙarfin wannan. Adana ta yake yi sai Laraba, ya sa mata rigar addu'a. Zai ce a tuna da wani ɗan'uwa, ba zai kama suna ba, sannan ya zayyana mutum har da fentin ƙofar gidansa. Idanu a rufe, kunnuwa a buɗe, kowa na cewa amin.

Ana saura mako guda a ba da hutu, direban motar 'yan makaranta ya zo aski. Ya jira sai da benci ya watse, sannan ya faɗi abin da ke cinsa. Idonsa na dama ya fara hazo. Jiya saura kaɗan ya bi ta kan mai keke, bai gan shi ba sam.

Mai aski ko injin bai kashe ba ya ce, "Kul ka faɗa wa kowa! Shekara goma sha ɗaya kana bin hanyar nan, ramukanta ma sun san ka. Ka riƙa tafiya a hankali kawai. In ka faɗa aka karɓe makulli, 'ya'yanka huɗu su ci me?"

Shawarar ta yi daɗi a kunne, ko ba haka ba? Direba ya koma gida ya tarar da matarsa tana guga, ya kwashe duka ya gaya mata. Ta ajiye dutsen guga ta ce, "Baban yara, wannan wayo ne. Amma yaran mutane talatin ke zaune a bayanka. Zo mu tambayi wanda ya yi idon."

Suka durƙusa a bakin gado. Ba su ji murya daga sama ba, hazon ma bai washe ba. Abin da suka roƙa ɗaya ne, Allah ya nuna musu abin da ya kamata su yi, ya ba su ƙarfin yinsa. Da gari ya waye, direba bai tada mota ba. Ya taka har ofishin mai makarantar, wata dattijuwa da ba ta ɗaukar wasa, ya ajiye makulli a kan teburinta, ya faɗi gaskiya.

Ta ɗauki makullin. Sannan ta ce, "Ka ceci yarana, ka cece ni." Ta samo wanda zai riƙe motar na 'yan kwanakin da suka rage, ta tura shi wurin likitan ido. Ashe yanar ido ce kawai. Cikin hutu aka yi masa aiki.

Duk wannan mai aski bai sani ba. Maganar na nan a cikinsa tana yi masa ƙaiƙayi, amma ya daure, ya ajiye ta sai Larabar da ake shirin komawa makaranta, lokacin da za ta fi zafi. Ya miƙe, ya gyara murya, ya ce a yi wa wani ɗan'uwa addu'a, ba zai kama suna ba, amma yana tuƙa yaran wasu da ke zaune a nan alhali ido ɗaya ba ya gani. Nan take iyaye mata suka buɗe ido, wata har da dafe ƙirji.

Sai aka ji benci ya motsa a sahun baya. Direba ne, da sabon tabarau. Shaida ya zo bayarwa.

Ya dubi mai aski ya ce, "Ni ne, ba sai an ɓoye suna ba. Na gaya maka a kujerarka, ka ce in rufe bakina in ci gaba da tuƙa yaran nan. Na je na tambayi Ubangiji, ya ce ba haka ba. Yanzu daga nan inda nake ina karanta agogon bangon can. Ranar Litinin zan karɓi makullina."

Haleluya! Majami'a ta kaure da waƙa, iyaye suka yi layi suna rungumar direba da matarsa. Har yau in na tuna sai daɗi ya cika ni. Amma ana cikin waƙar, kowane namiji a wurin ya fara tuna abin da ya taɓa faɗa a kan kujerar nan.

Ba wanda ya zagi mai aski. Bencin shagonsa dai ya bushe. Mutane suka gwammace su yi tafiya mai nisa a yi musu aski a karkace. Dattawan ikilisiya suka karɓe karatun buƙatu, suka ce ya nemi gafara. Ya ce shi addu'a kawai ya nema, ina laifinsa? Direban kansa ya je shagon sau biyu don ya nuna masa ya yafe, girman kai ya sa mai aski ya ce injin ya lalace. A gidansa ma da ya shigo sai hira ta mutu. Zancen auren 'yarsa ta fari a bakin maƙwabci ya fara jin sa. Kafin shekara ta zagayo ya rufe shagon, ya bar unguwar ba sallama.

Ya 'yan'uwa, me ya raba mutanen nan biyu? Majami'arsu ɗaya. Mai aski ma ya fi direba iya magana nesa ba kusa ba. Amma ɗaya ya dogara da kansa, ɗaya ya durƙusa ya tambaya. Wayo yana nuna maka yadda za ka tsira yau. Hikimar Allah tana iya sa ka ajiye abin da kake ci da shi, amma ba ta taɓa kai mai bin ta ga kunya ba. Ba a coci kaɗai ake neman ta ba. Ana neman ta a shago, a kicin, a bayan sitiyari, da lokacin da aka ba ka amanar magana, harshenka na motsi.

To, kai da ka zo da abin da ya sha maka kai, wa ka tambaya? Ka zaga wurin kowa, ka tsallake Ubanka na sama? Yana bayarwa hannu sake, kuma ba ya gori. Ka roƙa yau kafin ka yanke shawara.

Allah ya kiyaye mu daga wayon kanmu, ya tsare bakinmu a kan sirrin 'yan'uwa, ya ba mu hikimarsa da ƙarfin zuciyar bin ta. A cikin sunan Yesu Almasihu, amin.