Ledar Maganin Baba Fasto

"Wai har yanzu matar kafinta tana ba shi ƙwayoyin nan?"

Amarya tana jera kujeru a coci ta ji shugabar zumuntar mata ta yi wannan tambaya. Ba ta ɗago ba. Ciwonta ke nan tun tana gidansu, tsoron bakin mutane. Ko ƙafarta aka taka, ita ce mai ba da haƙuri.

Mijinta kafinta ne, yana da ciwon suga. Baba Fasto kuwa ya yi wata uku yana wa'azi cewa mai shan magani bai gama yarda da Ubangiji ba. Don kar a nuna ta da yatsa, Amarya ta ɓoye ƙwayoyin a ƙasan akwati, maigidan ma ya ce a gwada. A kwana na goma ya yanke jiki ya faɗi a shago, aka kwaso shi da garin katako a gemu. Likita bai yi mata faɗa ba. Kallo ɗaya ya yi mata, ta gwammace faɗan.

Tun ranar ba ta ƙara tsallake ƙwaya ba. Sai Baba Fasto ya sa su a gaba. Ba ya kiran suna, sai dai ya ce "masu babbar guduma da ƙaramar bangaskiya", kowa ya waiwayo. Aka cire ta daga cikin mawaƙa. Gaisuwarta ma da hanci ake amsawa.

"Ranar Lahadi zan tashi in wanke shi tas," in ji maigidan.

"Da wane ƙarfin? Kai da matakala uku sai ka huta."

"To sai mu zuba ido?"

"Ka sha maganinka, mu yi masa addu'a. Ni na gaji."

Addu'ar ma da ƙyar take fita, amma tana yi.

Wata safiya ta je asibiti karɓo magani. A gabanta ga wani dattijo ya ja hula har gira, ma'aikaciya tana ce masa, "Baba, hawan jini ba ya son wasa. Ɗaya safe, ɗaya yamma."

Da ya juyo, sai ga Baba Fasto. Ledar maganin ta suɓuce masa. Amarya ta durƙusa ta ɗauka, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ɗiyata..."

"Allah ya ƙara sauƙi, Baba." Sannan ta ƙara da cewa, "Akwai tsofaffi uku a cocinmu da suka zubar da nasu. Maganarka kaɗai suke ji."

Ya karɓi ledar ya wuce.

Ranar Lahadi, can ƙarshen sanarwa, ya ce ciki-ciki wanda likita ya ba magani ya sha, Allah ne ya ba likita sani. Bai nemi gafarar kowa ba, ba a kuma mayar da ita cikin mawaƙa ba.

"Me ya sami mutumin nan yau?" maigidan ya tambaya a hanya.

Amarya ta san in ta buɗe baki, kafin yamma dattijon ba shi da sauran fuskar shiga mutane. Ta gyara ɗankwalinta, ta ƙudura a ranta ba wanda zai ji, har shi maigidan.

Mai karatu, in shugaba ya kauce hanya, kada tsoro ya sa ka bi shi, kada kuma zafin rai ya sa ka rama. Ka faɗa masa gaskiya tsakaninku, ka yi masa addu'a ko da ka gaji. Almasihu bai aiko mu tozarta kowa ba, ceton mutane ya sa a gaba.