Bushiya da Maganin Shaƙuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun gyara.

Wata rana shaƙuwa ta kama Akuya. Bushiya mai magani ta ba ta jiƙon tsamiya, nan take ta daina. Sai Bushiya ta shiga kasuwa tana shela: "Na gano maganin shaƙuwa!"

Jaki ma yana fama da ita, ya shanye ƙwarya bakwai. Shaƙuwa ba ta tafi ba, sai gudawa ta zo taya ta zama.

Dila ya ce a kori maƙaryaciya. Kunkuru ya ce, "Haba, ba da gangan ta yi ba. Inna Bushiya, nuna mana yadda kika yi rannan."

Ta miƙa wa Akuya ƙwarya. Akuya ta kare hancinta ta ce, "A hankali dai! Rannan ƙayarki ta soke ni har na zabura."

Kunya ta rufe Bushiya, ta so dunƙulewa yadda ta saba. Amma ta daure ta hau turmi ta ce, "Jama'a, laifina ne. Sau ɗaya na gwada na kama shela. Malam Jaki, ka yafe mini, jinyarka tana wuyana."

Jaki ya ce, "To, ƙayar ce maganin?"

"Ban sani ba, sai na gwada a kan mutum goma. Matso, da kai zan fara."

Jaki ya zabura, shaƙuwa ta tsaya cak. Kasuwa ta ɗauki sowa.

Bushiya ta daka tsawa: "Kada wanda ya yi shela! Ko taɓa shi ban yi ba!"

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa daka.