Waigin Garejin Barau

In ka ji Oga Barau bakanike yana ba da labari, tun da aka kafa Gusau ba a zalunci mutum kamar yadda Japanawa suka zalunce shi ba, alhali ko hanyar ƙasarsu bai sani ba. Laifinsu, ma'aikatansa uku sun je wani kwas sun dawo da tsarin Japanawan na gyara wurin aiki, kowa ya riƙe fanni ɗaya.

"Da can sifanata ƙarƙashin tabarma take kwana, kuma lafiya lau," in ji shi. "Yanzu ni da garejina sai na nemi izini."

Sallau ya tantance kaya. Duk ƙarfen da ba a taɓa shi, ya kira 'yan jari-bola suka kwashe, har fili ya buɗe daga ɗakin kaya zuwa bakin titi.

Mati ya ba kowane abu mazauni, ya zana siffarsa da farin fenti. In abu ya bar wurinsa, zanen ya tona.

Ɗanlami kuwa shara da goge-goge. Babban jak ɗin da tsatsa ta cinye, kullum sai ya sa masa mai.

Ran nan Barau yana ƙarƙashin wata bas, ta gangaro daga kan ƙaramin jak ta danne masa ƙirji, ko ihu ya kasa. Mati ne ya hango waigi, katakon tokare taya, a gindin bishiya, nesa da zanensa da kuma bas ɗin, ya ruga ya leƙa ƙarƙashinta. Su ukun suka turo babban jak ta filin da Sallau ya buɗe, inda a da sai an yi wuni ana ture tarkace. Jak ɗin Ɗanlami ya ɗaga bas ba gardama, aka jawo Oga da rai.

Da ya farfaɗo ya ce, "Wane marar hankali ya cire waigin?"

Mati ya nuna gindin bishiya. Ga waigi ya tokare madubi, ga almakashin gyaran gashin bakin Oga a gefe.

"To, ai madubi ma yana buƙatar mazauni," in ji Barau.

Yanzu likita ya ce ya huta, dole ya miƙa mabuɗin gareji ga mutum ɗaya. To jama'a, tsakanin Sallau da Mati da Ɗanlami, wa za a ba?